Watanni ukun ƙarshe a Birmingham

Daga shafinsa na Facebook ake fara gane wanda tafiyarsa gida ta ƙarato. Mutumin da a da ba ya sa komai sai hoton dusar ƙanƙara, kwatsam sai ya koma tallar gado, firji, keken yara da kujerun falo, kowanne da kuɗinsa a rubuce. Malaman jami'o'inmu da suka je Ingila digirin digirgir da kuɗin TETFund sun san wannan lokaci sarai. Tun kafin su tafi sun sa hannu cewa za su dawo su yi wa makarantarsu aiki, don haka ga mai cika alkawari maganar komawa a yanke take. Abin da zuciya ke saƙawa da dare kuwa daban ne.

A ɗauki mai zama a Birmingham da iyalinsa. Idan a Small Heath ko Alum Rock yake, bai rasa naman halal ba, ga shaguna jere a titin Coventry, ga masallacin Green Lane, ranar Idi kuma dubban mutane ke cika filin shaƙatawa na unguwar. Doya da manja da attaruhu suna nan a shagunan 'yan Afirka, sai dai kuɗinsu ya sa a yi ta juya doya ɗaya a hannu kafin a saya. Kuka da daddawa da yaji sai an roƙi mai zuwa ya riƙo. Kilishi kam a manta da shi, doka ta hana matafiyi daga Afirka shiga da nama a jakarsa.

Abin da ya ishe shi a zaman ba ɓoyayye ba ne. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba su zo a jere cikin awa huɗu, mutum ya fita da duhu ya dawo da duhu. Da wuya a ji ladan sai na waya. Maƙwabcin da suka haɗa bango shekara da shekaru, iyakarsu ɗaga hannu. Tun Fabrairun 2024 ɗalibi na biyan fam 776 a shekara kuɗin kula da lafiya, haka matarsa, haka kowane yaro, amma ganin likita sai ya buga waya da ƙarfe takwas na safe ya shiga layi, wani lokaci a ce ya sake gwadawa gobe. Masu zaton can komai tsaf yake su tambayi mutanen birnin: a 2023 majalisar Birmingham ta bayyana cewa kuɗinta sun kasa, a Maris 2025 kuma masu kwasar shara suka tsunduma yajin aiki, bola ta taru a tituna, ɓeraye suka sha biki.

To me ke hana shi barci? Wuta. Ya yi shekaru bai ji ƙarar janareta ba, bai taɓa tashi tsakar dare don ya yi guga ba. Yana tuna Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, 'yan'uwa na ba shi labarin kuɗin cajin waya da na ƙanƙara. Shi ya sa tun bai sayi tikiti ba yake tambayar farashin sola da batir a Kano. Yana kuma tuna cewa a Birmingham yakan hau mota da sha ɗayan dare ba tare da ya kira kowa ya tambayi lafiyar hanya ba.

Maganar yara ta fi komai nauyi, kuma a nan ne miji da mata kan saɓa. Makarantar gwamnati kyauta ce, littafi na zuwa gida a jaka. Amma yarinyar da aka tafi da ita tana goye yanzu da Turanci take amsa gaisuwar kakarta a waya, tsohuwa ta ce, "Wai me take cewa ne?" Uba na jin wannan sai ya ƙosa a tafi. Uwa kuwa tana lissafin kuɗin makarantar kuɗi a gida, da albashin malamin jami'a, da yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas. Ita ce kuma ta fi kowa ɗanɗana kaɗaicin, ita ta yi jego ba uwa ba ƙanwa, ba mai dama mata kunun kanwa. Duk da haka sau da yawa ita ke cewa a ƙara shekara biyu.

Mutanen gida ma ba su sauƙaƙa ba. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a Yunin 2023, har fam ɗaya ya haura naira 2,000 a 2024, abokai ke cewa, "Malam, me za ka dawo ka yi?" Yayarsa kuma ta ce, "Hajiya fa ta tsufa, kullum kai take tambaya." Waɗanda suka bi shawarar farko suka maƙale ba kaɗan ba ne, har TETFund ta ambaci ƙin dawowar malamai, tare da tsadar canji, cikin dalilan da suka sa ta dakatar da tura su waje daga Janairun 2025. Na bayansu ne suka kwana a ciki.

Mai komawar dai yana ta auna akwatuna kada ɗaya ta wuce kilo 23, littattafai da tukwane an ba masu kai kaya ta ruwa. Ya sanar da mai gida ranar da zai ba da makulli. Asusun bankinsa na can da lambar wayarsa ne kawai bai rufe ba, kuma idan aka tambaye shi dalili sai ya ce akwai sauran kuɗin ajiya na haya da yake jira a mayar masa.