Yadda Manhajar Adashenmu Ta Kusa Raba Kawunanmu a Utako



Da yawanku kun ji labarin abin da ya faru da manhajar adashenmu, kuma maganar ta yi ta yawo a rumfuna da tasha, kowa da irin tasa. Shi ya sa mu 'yan kwamitin da aka ɗora wa wannan aiki muka ga ya dace mu faɗi yadda abin yake da bakinmu, har da inda laifin namu ne.

Shekara da shekaru lissafin adashe da na asusun taimakon juna yana cikin babban littafi ɗaya mai baƙin bango, a hannun ma'ajinmu. Mambobinmu kuwa kun san su: 'yan kasuwar Utako, direbobi da 'yan kamasho na tashoshin mota, teloli, masu gadi, masu tsire. A nan ake nema, amma kwana sai Karmo da Gwagwa da Dei-Dei da Kubwa, wasu ma har Mararaba. Littafin bai taɓa ba mu kunya ba sai a farkon 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya bayan sauya fasalin naira. Kowa ya koma tiransifa. Saƙon banki ya riƙa shigowa wayar ma'aji dare da rana, da sunayen da bai sani ba, domin wani ta wurin mai POS ya turo, wani ta asusun ɗansa. Bawan Allah nan ya kan kai sha biyun dare yana kiran mutane yana tambayar wa ya turo kaza.

Sai muka ce ai muna da yara. Biyu sun karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, ɗaya kuma da kansa ya koya a waya da tsohuwar kwamfutar yayansa. Muka kira su, muka yi zama ɗaya da bai kai awa guda ba, muka ce: “Ku yi mana abin da zai riƙe mana lissafi.” Suka ce to. Ba su tambaye mu komai ba saboda kunyar manya, mu kuma ba mu ƙara musu bayani ba saboda muna ganin sun fi mu sanin na'ura. Suka tafi, muka shafe watanni ba mu ga komai ba. Duk wanda ya tambaya sai a ce saura kaɗan.

Ranar da suka kawo ta kuwa abin ya ƙayatar. Ga tambarin ƙungiya, ga launi, ga sunan kowa yana fitowa. Har lemo muka raba.

A mako na uku manhajar ta tura jerin sunayen waɗanda ake bi bashi zuwa zaurenmu na WhatsApp, ita da kanta, kamar yadda aka tsara mata. Sunan farko na wani dattijo ne mai sayar da hatsi, wanda da shi aka kafa ƙungiyar nan, kuma bai taɓa fashin zubi ba. Bayan azahar ya zo rumfar ma'aji, bai ko zauna ba.

“Alhaji, ni da kai shekara nawa? Yau ni ake sa wa suna cikin masu cin bashi, a gaban 'ya'yan cikina?”

“Yaya, wallahi ba ni ba ne, na'ura ce.”

“To ita na'urar wa ya ba ta sunana?”

Babu wanda ya iya amsa masa. Kafin magariba kuma wata magana ta taso wadda ta fi wannan muni. Jimillar da manhaja ke nunawa ta ɗara abin da ke cikin asusun banki, sai wasu suka fara raɗe-raɗin ina sauran kuɗin suka shiga. Mutumin da ya riƙe mana amana tsawon shekaru ba tare da ko sisin albashi ba, shi aka fara yi wa kallon ƙasa-ƙasa.

Kwana biyu muka yi da littafi a hagu, kwamfuta a dama, muna bi layi-layi. Abin da muka gano ba shi da wani zurfi. Yaran sun gina manhajar a kan cewa mutum ɗaya yana da lambar waya ɗaya da hannu ɗaya a adashe. Duk wanda ya taɓa zubi ya san ba haka ba ne. Dattijon nan hannu biyu yake zubawa, nasa da na uwargidansa, kuma ɗansa ke tura masa. Akwai masu haɗa rabi da rabi su yi hannu ɗaya. Akwai direban da zai yi mako uku yana hanyar Legas, ya dawo ya biya duka a dunƙule, kuma kowa ya san da haka. Ma'aji yana riƙe da duk wannan a kansa da ɗan rubutun gefen shafi, amma babu wanda ya tambaye shi. Shi kuma bambancin jimilla, rashin sabis ne ya jawo shi. Idan aka danna “ajiye” abin ya tsaya yana juyi, sai a sake dannawa, manhaja ta rubuta zubi ɗaya sau biyu. Ba a taɓa gwada ta a cikin kasuwa ba. A ɗaki aka gwada ta, inda intanet ke da ƙarfi.

Muka je gidan dattijon muka ba shi haƙuri, muka wanke ma'aji a gaban taro. Mun yi sa'a littafin yana nan. Ɗaya daga cikin yaran ya ba mu labarin inda ba a yi wannan sa'ar ba, kuma ya kamata ku ji shi. A Birtaniya, hukumar gidan waya ta sa wa rassanta manhajar lissafi mai suna Horizon, wadda kamfanin Fujitsu ya samar. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗin da babu shi. Maimakon a zargi na'ura sai aka zargi mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu kula da rassa fiye da 900 bisa zargin sata ko maguɗin lissafi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun tsiyace. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar na da kurakurai, a 2024 kuma aka yi dokar da ta soke hukuncin da aka yanke wa da yawansu. Can ma maganar ɗaya ce da ta rumfar ma'ajinmu: na'ura ce ta faɗa.

Daga nan wasunmu suka ce a watsar da abin a koma littafi. Ba mu ga laifinsu ba. Amma wata 'yarmu da ke aikin manhaja a wani kamfani a nan Abuja ta ji labari, ta zo wurin taro ta nemi izinin magana. Ta ce yaran sun iya rubuta umarnin kwamfuta, abin da ba a koya musu sosai ba shi ne aikin injiniya, kuma biyun ba ɗaya ba ne. Ta kawo misalin da ya shige mu. Ta dubi ɗaya daga cikin telolinmu ta ce: “Baba, idan na kawo maka shadda ta tsada, za ka sa almakashi ba ka yi awo ba?” Ya ce ko almajirinsa ba zai yi haka ba. Ta ce to mu mun ba da shadda, ba a yi awo ba, ba a kira mu gwaji ba, ranar sallah muka buɗe leda.

A wurinta muka ji cewa wannan ciwo tsoho ne. Tun a 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana a garin Garmisch na Jamus saboda manyan ayyukan manhaja suna wuce lokaci, suna cinye kuɗi, kuma ba sa yin abin da aka nema. Daga wannan taro sunan fannin injiniyancin manhaja ya yaɗu. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne a gama rubuta buƙatu, a gama zane, a gama gini, sannan a yi gwaji a ƙarshe, kamar ruwan da ke gangarowa daga tudu ba ya komawa baya. Abin dariya shi ne Winston Royce, wanda ake jingina wa wannan tsari saboda takardarsa ta 1970, a cikin takardar ya yi gargaɗin cewa bin sa kai tsaye haɗari ne. A watan Fabrairun 2001 wasu mutum 17 suka haɗu a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka suka fitar da sanarwar tsarin da ake kira ajayil. Gundarinsa shi ne a gina kaɗan, a nuna wa mai abu, a gyara, a ƙara kaɗan, kuma a karɓi canji ko da ya zo a makare. Ta kuma ja mana kunne cewa ba ko'ina tsohon tsarin ya zama laifi ba. Mai yin manhajar jirgin sama ko na'urar asibiti dole ya yi dogon shiri a rubuce. Mu dai ko tsohon tsarin ba mu bi ba, tunda shi da rubuta buƙatu yake farawa, mu kuwa ko shafi ɗaya ba mu rubuta ba.

Muka sake sabon lale. Mako biyun farko babu wanda ya taɓa kwamfuta. Yaran suka riƙa zama a rumfar ma'aji da biro da takarda, suna kallon yadda ake karɓar zubi, suna tambaya. A nan suka ji abubuwan da ba a rubuce suke ba ko'ina: cewa idan an yi wa mutum rasuwa ko matarsa ta haihu a kan sauya masa layi ya ɗauka da wuri, cewa ba a matsa wa kowa a goman ƙarshe na azumi, cewa akwai waɗanda ba a tuna musu bashi a bainar jama'a sai dai a aika musu mutum. Wannan na ƙarshen ya sa aka cire tura sunaye zuwa zaure gaba ɗaya.

Sannan aka fara gini da abu ɗaya tak: rubuta zubi da ba da rasit. Duk mako biyu, ranar Lahadi bayan la'asar, su kawo abin da suka yi, mu danna da hannunmu. Da gangan muke zaɓen wanda bai iya waya ba ya fara gwadawa. A irin wannan zama ne aka gane rubutun ya yi ƙanana ga masu raunin ido, kuma da yawa sun fi gane mutum da laƙabinsa fiye da sunan da ke katin banki. Suka kuma ɗauki shafukan tsohon littafi na watanni da dama suka mai da su ma'auni. Duk lokacin da aka sauya wani abu a manhaja, sai kwamfuta ta sake lissafa waɗannan watanni da kanta, idan jimilla ta saɓa da littafi ko da naira ɗaya, ba a sakin gyaran. Kowane zubi yanzu yana da lambarsa, ko sau goma ka danna sau ɗaya zai shiga. Haka nan ba wanda ke shigar da aikinsa sai ɗan'uwansa ya karanta ya amince.

Ba komai ya tafi daidai ba. Da muka ga aiki na jan ƙafa, wani daga cikinmu ya kawo ƙarin yara biyu don a yi sauri, sai abin ya ƙara lafewa, domin tsofaffin sun bar aiki sun koma koyar da sababbi. 'Yar tamu ta yi dariya ta ce wani Ba'amurke, Fred Brooks, ya rubuta wannan tun 1975: ƙara mutane a aikin manhajar da ya makara ƙara masa latti yake yi. Sai kuma ɗaya daga cikin yaran ya samu kiran bautar ƙasa, muka farga cewa rabin aikin yana cikin kwamfutarsa, kalmar sirri kuma a kansa. Tun daga ranar komai ya koma ma'ajiya ɗaya ta hanyar Git, kayan aikin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, wanda ke riƙe tarihin kowane gyara da sunan wanda ya yi shi. An rubuta bayanin yadda manhajar ke aiki da Hausa da Turanci, kalmomin sirri kuma suna hannun mutum biyu daga cikin amintattu.

Akwai maganar da har yanzu ba mu gama ba. Sunayenku da lambobinku da tarihin zubinku amana ce, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023. A yanzu ma'aji da sakatare kaɗai ke ganin na kowa, kowane mamba nasa kawai yake gani. Wasu na cewa a buɗe wa duk 'yan kwamiti, wasu na cewa a'a. Za a kawo batun gaban babban taro. Haka kuma ba mu daidaita kan abin da za a riƙa ba yaran nan ba. Mu a ganinmu aikin da ake yi kyauta shi ne wanda ake jin nauyin cewa a gyara, kuma wannan jin nauyin yana cikin abin da ya kai mu ga abin da ya faru.

Littafin mai baƙin bango yana nan, ma'aji na ci gaba da rubutawa a ciki tare da manhaja, ana gwada su duk ƙarshen wata, har sai babban taro ya yarda a ajiye shi. Dattijonmu bai ce ya yarda da na'ura ba, amma ya zo zaman gwaji biyu da suka wuce, kuma shi ya gano cewa rasit ba ya nuna ko zubin na hannun farko ne ko na biyu. An gyara.

Gwaji na gaba yana nan ranar Lahadi bayan la'asar a inda muka saba. Muna roƙon direbobi da iyayenmu mata musamman su zo ko su turo wakili, domin ɓangaren biyan bashi a dunƙule da na rabin hannu za a duba. Kowa ya taho da tsohon katinsa na zubi.