Dokta Wasim Mu'az, Likitan Yaran Halab

 

Yau ina so in ambaci wani bawan Allah wanda ban taɓa haɗuwa da shi ba, ban kuma san sunansa ba sai ranar da labarin rasuwarsa ya karaɗe duniya. Shi ne Dokta Muhammad Wasim Mu'az, likitan yara a birnin Halab na ƙasar Siriya, birnin da kafafen labarai ke kira Aleppo. Ya rasu a daren Laraba, 27 ga Afrilu, 2016, cikin watan Rajab na 1437, yana da shekara 36, sa'ad da aka kai harin sama a kan asibitin Alƙudus da ke unguwar Sukkari. Allah ya jiƙansa da rahama.

Duk wanda ya ɗan yi karatun Larabci ya san Halab tun kafin yaƙi ya sanar da mutane ita. Tsohon gari ne na malamai da fatake, kuma tun a shekarar 1354 wani gwamnan Mamluk mai suna Argun Alkamili ya gina gidan jinya a cikinsa, wanda masu tarihi ke ambato har gobe. To, wannan gari ne yaƙi ya raba gida biyu daga shekarar 2012: yammaci a hannun gwamnatin Bashar Al'asad, gabashi a hannun 'yan adawa. A gabashin nan, inda mutum kimanin 250,000 suka rage, ruwan bama-bamai ya zama abin yau da kullum, likitoci kuwa suka yi ta raguwa, wasu an kashe su, wasu sun tsallaka iyaka da iyalansu, har ya zamo a ƙarshen 2016 waɗanda suka saura ba su wuce wajen 30 ba.

Dokta Wasim ɗan Halab ne, kuma yana cikin waɗanda suka zauna. Abokin aikinsa, Dokta Hatim, shugaban Asibitin Yara na birnin a lokacin, shi ne ya rubuta ta'aziyyar da ta sanar da duniya ko wane ne shi. Ya bayyana cewa da rana a Asibitin Yara yake aiki, da dare kuma ya wuce Alƙudus ya karɓi masu larurar gaggawa. Mutum ne mai fara'a da barkwanci da ma'aikata. Danginsa suna Turkiyya, ya yi wata huɗu bai sa su a ido ba, yana ma shirin kai musu ziyara ne ajali ya riske shi. Wasu jaridu a lokacin sun kira shi likitan yara na ƙarshe a Halab. Abin da ya fi inganci shi ne yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage, kuma abokan aikinsa na ganin ya fi su ƙwarewa. Na ga ya dace in gyara wannan, domin mamaci ba ya bukatar a yi masa ƙari.

Ya kamata mu tsaya mu fahimci abin da ake nufi da rashin likitan yara, domin wani zai ce ai likita likita ne. Babba idan ya zo asibiti zai nuna inda ke masa ciwo, ya faɗi ranar da abin ya fara. Jariri kuwa kuka ne kaɗai harshensa, wani lokacin ma ciwon kan ci ƙarfinsa har kukan ya gagara. Maganinsa da nauyin jikinsa ake auna shi, kuskure kaɗan ya zama guba. Jijiyarsa siririya ce kamar zare, samunta domin ƙarin ruwa sai hannun da ya saba. Gudawar da babba zai jure kwana uku tana iya tsotse ruwan jikin yaro cikin yini guda. Bakwaini kuma yana kwance cikin kwalba, rayuwarsa, bayan ikon Allah, ta rataya ga wutar janareta da idon mai lura da shi. Wannan shi ne aikin da Dokta Wasim yake yi dare da rana, a garin da man janareta ke wuya, magani ke wuya, kuma kowa ya san asibitoci na cikin wuraren da ake hari.

A nan ne labarinsa ya haɗu da abin da nake karantarwa. A ajinmu na Islamiyya, idan muka iso bayanin farilla, mukan raba ta biyu: farilla ta aini, wadda ke kan kowane baligi, da farilla ta kifaya, wadda idan wasu suka tsaya da ita, ta faɗi a kan saura. Na lura cewa ɗalibai rabin ƙarshe na jumlar kawai suke riƙewa, wato "ta faɗi a kan saura", sai su ɗauki kifaya a matsayin ƙaramar farilla wadda za a iya barin wa maƙwabci. Ba kasafai ake tambaya ba: su wane ne waɗannan "wasu" ɗin? Me suke biya kafin mu samu sauƙin? Malaman usulu sun faɗa a sarari cewa idan aka rasa mai iya tsayawa da ita sai mutum ɗaya, to ta koma ta aini a kansa, idan kuwa kowa ya bar ta, duk mai iko ya shiga laifi. Likitanci na cikin misalan da suka fi kawowa. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 505 ta Hijira, kuma ya zauna wani lokaci a Dimashƙa ta ƙasar Sham ɗin nan, ya yi kuka a cikin Ihya'u cewa garuruwa da yawa ba su da likita Musulmi ko ɗaya, alhali ɗalibai na ta cunkoso a kan mas'alolin saɓani da jayayya, ya kuma zargi son muƙami da dukiya da haddasa haka. Shekara ɗari tara ke nan da wannan kuka, amma har yau nakan sami yaro mai kaifin basira yana tambayata ko karatun likita zai rage masa lada idan aka gwada da karatun addini.

Sai dai kada wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce likitocin da suka fita daga Halab sun yi laifi ba, kuma ni da ke zaune lafiya a ƙarƙashin inuwa ba ni da bakin faɗin haka. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, tsoron halaka uzuri ne karɓaɓɓe, kuma mai mata da ƙananan 'ya'ya yana da wani haƙƙin a wuyansa. Da yawa daga cikinsu sun ci gaba da jinyar 'yan gudun hijira a inda suka sauka. Dokta Wasim ma yana da wannan rangwamen a gabansa, hanyar Turkiyya a buɗe take a lokacin, danginsa na can suna jira. Ya bar rukhsa ya ɗauki azima, yana sane da abin da ke iya biyo baya. Abin da ke girgiza ni shi ne, ba sau ɗaya ya yi wannan zaɓi ba. Kowace safiya sai ya sake yin sa.

Kyamarar tsaron asibitin ta ɗauki mintocinsa na ƙarshe, gidan talabijin na Channel 4 da ke Ingila ya nuna hoton, daga baya kuma ya fito cikin fim ɗin For Sama na 2019. Babu wani abin mamaki a cikinsa. Mutum ne cikin kayan aiki, ya fito daga wani ɗaki, ya bi baranda zai tafi inda aikin dare ke jiransa, ya fice daga idon kyamara. Jim kaɗan sai ƙura ta rufe komai. Ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa, MSF, wadda take tallafa wa wannan asibiti mai gado 34 a lokacin, ta ce mutum 55 ne suka rasu, cikinsu har da wani likitan haƙori da ma'aikatan jinya da marasa lafiya. Jiragen gwamnatin Siriya da na Rasha ne ke luguden wuta a yankin, amma dukansu biyu sun musanta hannu a harin.

Mutane da dama sun kira shi shahidi, kuma hadisi ingantacce na Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, ya lissafa wanda gini ya rufta wa cikin masu samun ladan shahada. Duk da haka tarbiyyar da muka samu wurin malamanmu ita ce kada a yanke wa wani mutum ayyananne wannan hukunci, har Imam Bukhari ya ƙulla babi a kan haka. Muna kyautata masa zato, muna yi masa fata, hisabinsa kuwa yana wurin Ubangijinsa wanda ya fi mu sanin abin da ya tsayar da shi a Halab.

Kwana shida bayan harin, ranar 3 ga Mayu, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2286 na kare asibitoci da ma'aikatan lafiya a fagen yaƙi, babu ƙasar da ta ƙi. Takardar ba ta hana komai ba. A watan Nuwamba na shekarar aka kai hari kan Asibitin Yara inda yake aikin rana, duniya ta ga ma'aikatan jinya suna kuka suna ciro jarirai daga kwalabe. Abokan aikinsa na Alƙudus sun sake buɗe asibitin, suka ci gaba da karɓar masu rauni har zuwa Disamba, lokacin da aka kwashe mutanen gabashin birnin cikin motocin safa. Gwamnatin Al'asad kanta ta faɗi ranar 8 ga Disamba, 2024, shi kuma ya gudu Rasha. Jariran da Dokta Wasim ya duba a watanninsa na ƙarshe, waɗanda Allah ya raya, yanzu sun kai shekarun 'yan ajina na safe, kuma mafi yawansu ba za su taɓa sanin sunansa ba.

Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya ba danginsa haƙuri, shi da duk waɗanda suka rasu tare da shi a wannan dare. Wassalamu alaikum.