Marurun da Ido Ba Ya Gani

Maruru a wurin Bahaushe ƙaramin ciwo ne. A bar shi ya nuna, a matse, shi ke nan. Amma idan ya fito a cikin ƙoƙon kai, inda mugunya ba ta da mafita, sai ya danne ƙwaƙwalwa, kowa a gida ya raɗa wa ciwon sunan da ya ga dama.

Haka ta faru da Baffana, manomi, wanda ya shekara da shekaru yana shan firednisolon saboda asma. Ya yi mako uku yana fama da ciwon kai, sannan hannunsa na dama ya saki, wata Juma'a kuma ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure. Gwaggo ta ce iska ce. Maƙwabta suka ce hawan jini.

Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani abu kamar zobe a ɓangaren hagu. Likita bai ɓoye mana ba: zoben nan zai iya zama ciwon daji, ko tarin fuka da ya haura kai, ko mugunya. Aka fara da maganin tarin fuka, domin shi ya fi yawa a ƙasarmu. Jiki ya ƙi.

Daga nan likitan tiyata ya huda ƙoƙon kai, ya zuƙo mugunya da allura, aka kai ɗakin gwaji. Ilmin ƙananan halittu na karanta a jami'a, don haka na san yawancin ƙwayoyin cuta kan tsiro a faranti cikin kwana ɗaya ko biyu. Farantin Baffa ya kwana uku fayau. Ma'aikaciyar ɗakin, wata dattijuwa marar yawan magana, ta ƙi zubar da shi. Ta ce mini, "Ɗana, akwai masu nawa, a ƙara musu lokaci."

A rana ta shida sai ga wani fari-fari kamar garin alli, mai ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko. Nokadiya ce, ƙwayar da ta ci sunan Edmond Nocard, likitan dabbobi ɗan Faransa da ya gano ta a jikin shanu a 1888. A cikin ƙasa take zaune. Mutum ya shaƙe ta da ƙura, ta sauka a huhu, idan garkuwar jiki ta yi rauni ta bi jini zuwa ƙwaƙwalwa. Maganin asmar ne ya buɗe mata ƙofa. A ganina, haƙurin matar nan ya yi daidai da allurar likitan tiyata.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne maganin. Bayan makonnin allurai ta jijiya, sai aka ɗora shi a kan Septrin, wanda ake samu a kowane kemis na unguwa, har tsawon wata 12. Gwaggo ce ke ƙirga ƙwayoyin safe da yamma.

Bana Baffa ya koma gona. Hannun bai gama dawowa ba, da hagu yake riƙe fartanya, ya naɗe hanci da rawani.