Kano: Unguwanni Sun Riƙe Sunayen, Ina Itatuwan?

Duk wanda ya ratsa Kano yana sauraron kiran 'yan adaidaita sahu zai ji kamar ana lissafa masa itatuwan daji: Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Gawuna, Rimi, Tsamiyar Boka, Durumin Iya. Kowane suna shaida ne cewa a dā akwai itacen da ya isa a yi kwatance da shi a wurin. Amma ka sauka a yawancin unguwannin nan ka nemi mai sunan, da wuya ka gan shi. Abin da zai tarbe ka shi ne darbejiya, wadda asalinta Indiya, da itacen turare na Ostireliya.

A sababbin rukunin gidaje da harabar ma'aikatu kuwa, ado ya koma shimfiɗa koriyar ciyawa da jera furannin ƙetare. Waɗannan ba sa rayuwa sai da ban-ruwa safe da yamma, a garin da yakan yi wata bakwai ba ruwan sama, inda talaka ke sayen jarka a hannun mai garuwa. Ranar da famfon burtsatse ya lalace, ranar lambun zai fara ƙonewa.

Wanda ke shakkar ko itatuwanmu za su iya wannan aiki, ya kama hanyar Daura ya tsallaka zuwa Matamaye, kan hanyar Damagaram. Gani ya kori ji. Can gawo ya cika gonaki, kuma halinsa abin mamaki ne: da damina yakan zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore shar ya ba da inuwa, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba. Manomi ne ke barin tohon da ya fito da kansa, ya rage rassa, ya kare shi daga gatari. An ƙiyasta cewa daga shekarun 1980 zuwa yau, wannan dabara ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar.

Ba a ce a sare darbejiya ba, domin ta yi mana rana. Amma filin makaranta da filin Idi sun isa ɗaukar kuka da rimi, bakin titi ya dace da tsamiya da marke, ƙofar gida kuma da kurna ko aduwa. Gaskiya ne tsamiya ba ta saurin girma, sai dai idan saiwarta ta kama, ta daina neman ruwa a wurin kowa.

Ya kamata hukumomin tsara birane su sanya itatuwan gida cikin sharuɗɗan izinin gini, masu renon dashe kuma su tanade su. In ba haka ba, nan gaba yaron Giginyu sai a littafi zai san giginya.