Abin da Matasan EYN Suka Gani

A watan Oktoba na 2014 mayaƙan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wata shida bayan sace 'yan matan Chibok, waɗanda yawancinsu 'ya'yanta ne. Tun kafuwarta a Garkida a 1923 take koyar da cewa mai bi ba ya ramuwar gayya. Matasan da aka ƙone gidajensu suka zuba ido, su ga ko dattawa za su riƙe wannan koyarwa. Shugabanni suka koma Jos, suka ci gaba da kira ga haƙuri, suka raba agaji har ga Musulmin da rikicin ya kora. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: daga cikin matasan nan fastocin gobe za su fito.