Gawayi a Cikin Waya



A nan Lolo wayoyi da yawa layi biyu suke ɗauke da su, na Najeriya da na Benin, kuma kafin la'asar sun yi zafi, caji ya ƙare. Kullum batir muke zargi. Alhali a ƙwaƙwalwar waya akwai biliyoyin 'yan makunnai na silikon, ana ce musu tiransisto, su ma cin wuta suke yi. An yi ta rage girmansu har an kusa kai maƙura, shi ya sa masana ke neman magajin silikon. Cikin waɗanda suke zawarci har da kabon, wato sinadarin gawayin murhunmu da bakin fensirinmu.

A 1991 wani masani ɗan Japan, Sumio Iijima, ya bayyana wasu 'yan bututun kabon da suka fi silin gashi siranta sau dubbai, ga su da saurin ɗaukar lantarki. Sai dai a cukurkuɗe suke fitowa kamar dafaffiyar taliya, kuma babu hantsakin da zai ɗauke su ɗaya-ɗaya ya jera.

Dabarar da aka samo, mu 'yan mata mun san irinta tun a gida. Mai ƙunshi tana manna salatif a hannu, lalle ya kama inda aka bari kawai. A 2012 masanan kamfanin IBM na Amurka sun tsaga 'yan ramuka a kan faranti, suka shafa wani sinadari da ke kama ramukan kaɗai. Suka jiƙa bututun a ruwa mai wani abu kamar sabulu, suka tsoma farantin. Sai bututun suka maƙale a ramukan, sauran wurin fes. Tiransisto sama da 10,000 suka samu. Ɗaurin sinadarai ne ya yi aikin, darasin nan da muke haddacewa don WAEC muna hamma.

Kada dai mu yi zumuɗi. Ko ƙwaƙwalwar da jami'ar MIT ta haɗa a 2019 tiransisto 14,000 da 'yan kai gare ta, wayoyin kasuwa kuwa har yau na silikon ne.

Ranar Laraba bayan tashi, ku zo da fensir 2B. Za mu zana layi mai kauri a takarda, mu haɗa da batir mai bolt 9 da ɗan ƙwan tocila, ku ga ya kawo haske dishi-dishi. Amma ban da taɓawa, don yatsa ɗaya na iya goge layin: shafa kabon ɗin muka yi, ba mu ɗaure shi ba.