Kiran Kyauta: Wa Ke Biyan Ɗan Aike?

Akwai wata tambaya da na sha ji a bakin mutane, tun daga tsofaffi a gida har zuwa 'yan'uwana ɗalibai a ɗakunan kwana. Tambayar kuwa ita ce, wai shin lambobin nan da ake cewa na kyauta ne, in mutum ya kira su da wayar hannu, ana cire masa kuɗi ko ba a cirewa? Wani zai ce abin bai kai a ɓata takardar mujallar ƙungiyarmu a kansa ba. Ni dai ina ganin ya kai, domin lambobin da ake magana a kansu na ranar wuya ne: ranar gobara, da ranar haɗarin mota, da ranar annoba, da ranar da ɓarawo ya zura hannu a asusun mutum na banki. Wanda ke da naira 30 kacal a waya, in bai tabbata ba za a bar masa abarsa, to, ba zai kira ba, sai ya adana ta don ya kira ɗan'uwansa.

Bari mu fara da kalmar kanta, tun da nazarin kalmomi shi ne sana'armu a wannan sashe. Bahaushe bai san kyautar da ba ta da mai ita ba. In ka ce an yi maka kyauta, abin da za a fara tambayarka shi ne, wa ya ba ka? Abin da ba shi da mai shi, sunansa tsintuwa, ko kuwa banza. Sa'an nan a tsakanin mai bayarwa da mai karɓa sau da yawa akwai mutum na uku, watau ɗan aike. In maƙwabciya ta aiko yarinya da kwanon dambu ko turmin atamfa, ba a sallamar yarinyar hannu Rabbana, sai an ɗan sa mata wani abu, domin yaba kyauta tukuici. Amma mai karɓa shi ke yanke abin da zai bayar, gwargwadon ƙarfinsa da jin daɗinsa. Ba a taɓa jin yarinya mai tarbiyya ta toge a bakin zaure ta ce ba za ta ajiye kwano ba sai an biya ta.

To, mutanen nan uku su ne a cikin kiran kyauta. Akwai mai lamba, ko hukuma ko kamfani, wanda ya yi hayar lambar, ya kuma ɗauki alkawarin biyan kuɗin duk kiran da ya shigo masa. Akwai mai kira. Akwai kuma kamfanin waya, shi ne ɗan aiken. Abin ya yi kama da saƙon da ake bayarwa a tasha a ce wa direba, in ka isa can za a biya ka. Babu kiran da ke tafiya a banza, don injin da ke gindin ƙarfen sabis ba ya daina shan mai saboda mai magana talaka ne. Dole wani ya biya. Rigimar duka tana kan ko ɗan aike zai wadatu da abin da mai lamba ya ba shi, ko kuwa zai juyo ya miƙa wa mai kira hannu.

Kada mai karatu ya ɗauka tambayar ta jahilai ce. A ƙasashen da aka ƙago abin ma an daɗe ana yin ta. A Amurka kamfanin AT&T ne ya fito da lambobin 800 a 1967, Ingila kuma ta sami nata 0800 a 1985. Duka biyu an tsara su ne a zamanin wayar tarho ta kan tebur, mai igiya. Da wayar hannu ta zo, sai kamfanoninta na Ingila suka ce abin da masu lamba ke biya bai ishe su ba, suka shiga cajin mai kira, wasunsu har kwabo 40 na kuɗin ƙasar a kowane minti. Iyakar abin da doka ta tilasta musu shi ne su sa wata murya a farkon kira ta gargaɗi mutum cewa ba kyauta ba ne. Ka ji ɗan aike mai toge wa a bakin zaure. Wa abin ya fi cuta? Talaka, wanda ba shi da tarho a gida sai 'yar wayarsa ta hannu, alhali kuwa shi ne ya fi bukatar kiran ofishin tallafi da ƙungiyoyin agaji. Mai hali yana zaune a falo yana kira a kyauta, marar hali yana biya. An yi shekaru ana kuka kafin hukumar sadarwarsu, watau Ofcom, ta yanke cewa daga ranar 1 ga Yuli, 2015, duk lambar da ta fara da 0800 ko 0808 kyauta ce ga mai kira ko da wace irin waya ya kira. Kamfanonin waya ba su yi asara ba, an dai mayar da ladansu ne a wuyan masu lamba. A Amurka kuwa ba a cajin kuɗin nisa, amma wanda ya sayi mintoci ƙidayayyu, kiran 800 yana cin mintocinsa kamar kowane kira.

Mu a Nijeriya ta wata ƙofa muka shigo. Yawancin gidajenmu ba su taɓa ganin wayar NITEL ba, saboda haka ba mu san wani zamani da kira ya taɓa zama mai sauƙi ba. Manya sun ba mu labarin yadda abin ya faro a 2001, lokacin da minti ɗaya yake kusan naira 50, kuma in ka wuce da daƙiƙa guda an ci maka kuɗin minti cikakke, har sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. A wannan makaranta aka koyi filashin, aka koyi gaisuwa a guje, aka koyi kashe waya ba sallama, abin da a da Bahaushe zai kira rashin kunya. Ƙara da kuɗin da kan ɓace ba dalili, yau an sa maka waƙar da ba ka nema ba, gobe an ɗaura maka saƙon wasan ƙwallo kana biya kullum. Sa'an nan a watan Janairu na 2025 hukuma ta amince a ƙara kuɗin kira da kashi 50 cikin ɗari. Mutumin da ya tashi a cikin wannan, in ka ce masa kamfanin waya zai kai masa saƙo ba lada, dole ya dube ka sau biyu.

Ƙa'idar da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta shimfiɗa ba ta da wuya. Lambar da ta fara da 0800 kyauta ce ga mai kira. Haka nan wasu gajerun lambobi, kamar 112 ta neman agajin gaggawa, da 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, da 622 ta kai ƙarar kamfanin waya wurin ita NCC ɗin, da 300 wadda tun 2023 ta zama lambar da kowa ke kiran ofishin kamfanin layinsa. Amma lambar da ta fara da 0700 ba kyauta ba ce, mai kira ke biya. Wuyar tana ga ido. Lambobinmu na yau da kullum su ne irin su 0803 da 0806 da 0703 na MTN, da 0802 da 0808 na Airtel, da 0805 na Glo. Ina tsohon da zai dubi 0800 a tsakiyar waɗannan ya gane cewa ita ta daban ce? Abin dariya ma, 0808 da take kyauta a Ingila, a nan lambar Airtel ce kawai, irin wadda mai shayin bakin ƙofar jami'a zai iya riƙewa. Ita kuwa 0700 ta fi kowa iya shiga, domin akan jera ta da kyau, wani lokaci har a rubuta sunan kamfani da haruffa a madadin lambobi, sai ta yi kama da abin alheri.

Na ga aikinta bara, ran da na'urar cirar kuɗi ta wani banki ta zare wa yayata kuɗi a asusu ba ta ba ta ko sisi ba. Lambar da ke bayan katinta 0700 ce. Muka kira, aka sa mana kiɗa, wata murya tana ta maimaita mana da Turanci cewa kiranmu yana da muhimmanci a wurinsu. Muhimmancin bai sa kowa ya ɗauka ba har katin naira 200 ya ƙare. A ganina wannan ba daidai ba ne. Bankin da ke cire kuɗin saƙon tes da kuɗin kula da kati ba zai talauce ba don ya ware lamba ɗaya ta 0800 ga wanda katinsa ya ɓace ko aka yi masa kutse, tun da a irin wannan hali kowane minti kuɗi ne ke zurarewa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a 2020, lokacin annobar korona, ina ajin ƙarshe na sakandare, an rufe makarantu muna zaune a gida. Kullum rediyo na karanto lambar Hukumar Daƙile Cututtuka, 0800 9700 0010, lamba 12 cur, ta fi lambar waya ta kullum tsawo, ana cewa duk wanda ya ga alama ya kira, kira kyauta ne. Daga baya ne aka kawo gajeriya, 6232. Wani dattijo abokin kawuna ya kwanta da zazzaɓi da tari, numfashi yana yi masa wuya, kawu ya dawo daga dubiya hankalinsa a tashe. Na ce, "Kawu, ai da an kira lambar nan ta rediyo."

Ya ce, "Da wane kati? Abin da ke ciki ko gaisuwa ba zai kai ba."

Na ce, "Ai sun ce kyauta ne, Kawu."

Ya dube ni ya ce, "Kai, ɗan nan, kyautar wa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Mutanen da ke cire mini kuɗi ina barci su ne za su ba ni kyauta ina farke?"

Na ce masa ba kamfanin waya ne ya ba da kyautar ba. Hukumar da ke da lambar ita ta ɗauki nauyin kiran, shi kamfani ɗan aike ne kawai. Kawu ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, ai haka za ka ce." Ya miƙo mini wayar ya ce in buga.

Na daɗe ina juya wannan magana tasa. Watanni ana gaya masa a rediyo cewa kyauta ne bai yarda ba, amma da aka ambaci mai kyautar, nan take ya yarda. Kawu bai yi boko ba, amma tambayar da ya yi ita ce ainihin wadda aka yi shekaru ana fama da ita a Ingila. Laifin a wurin masu fassara sanarwa yake, kuma mu ne gobe za mu zauna a kujerunsu, a gidajen rediyo da ma'aikatun yaɗa labarai. Mun ɗauko kalmar Turanci mun musanya ta da "kyauta" mun wuce, ba mu lura ba cewa a kunnen Bahaushe kyauta marar mai ita abin zargi ce, musamman a zamanin da 'yan damfara ke bugo waya su ce ka ci kyautar mota. Da ni ne mai rubuta sanarwa, abin da zan sa shi ne: "Ba za a taɓa kuɗinka ba, hukuma kaza ce ta ɗauki nauyi." In lambar 112 ce, sai in ƙara da cewa ko babu ko kwabo a wayarka kiran zai shiga. Jimlar ta fi tsawo, za ta ci daƙiƙa uku ko huɗu na lokacin rediyo, amma za a kira.

Akwai wani tarko kuma da ya shafe mu ɗalibai, musamman masu neman gurbin karatu a waje. Za ka ga jami'ar Amurka ko ta Ingila ta rubuta lambar 800 ko 0800 ta ce kyauta ce. Kyauta ce ga mutanen ƙasarsu, domin iyakar abin da mai lamba ya yi alkawarin biya ke nan. In ka kira daga nan, ko dai kiran ya ƙi shiga, ko a caje ka kuɗin kiran ƙasar waje. Gara ka nemi lambarsu ta kullum, ko ka rubuta musu wasiƙa ta intanet.

Wanda har yanzu yake shakka, gani ya kori ji. Ya danna *310# ya duba abin da ke wayarsa, ya kira lambar da aka ce kyauta ce, in ya gama ya sake dubawa. In an taɓa masa kuɗi, ya fara kai kuka ga kamfanin layinsa ta 300, ya karɓi lambar shaidar ƙara, in ba su gyara ba sa'an nan ya kira 622 ya ba su wannan lamba. Sai dai ina roƙon 'yan'uwa kada a yi gwajin da 112 ko 122, don masu ɗaukar kiran ƙidayayyu ne, kuma ba ka san wanda ke kwance a gefen hanyar Zariya ana neman layin dominsa ba.